Sungumin Kawu Nomau a Filin Golf

A kwananmu na uku a Kazablanka, mutumin da ya yi mana alkawarin aiki ya ce mu jira shi a wani gidan shayi kusa da tashar mota, zai je ya sa wa salularsa kati ya dawo. Ɗan ƙasarmu ne, mai fara'a, mai yawan salati. Muka jira shi tun hantsi har la'asar. Kawu Nomau ya sha shayi kofi huɗu, ya yaba na'ana'ar da suke sawa, sannan ya dube ni ya ce, "Lawali, ina jin kantin katin nan a Damagaram yake."

Ba mu ƙara ganinsa ba. Gonar tumatir ɗin da ya ce tana jiranmu ma ba mu taɓa sanin inda take ba.

Kawu Nomau ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Kwaya. Ya ba shekara hamsin da biyar baya, kuma kafin wannan tafiya bai taɓa wuce Kano ba. Ni ɗan Dogo-Dogo ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci, na kuma yi 'yan shekaru ina karanta sanarwar ɓatan awaki da ta ɗaurin aure a rediyon karkara. Damina biyu a jere sun ba mu kunya, shi ya sa muka fito. Sharaɗin Inna ɗaya ne: "Tare kuka fita. Kada ka kuskura ka bar mini ƙane a titin ƙasar mutane."

Tambarin da aka buga mana a fasfo na wata uku ne. In suka cika ba mu da kontra, wato takardar shaidar aiki wadda da ita ake neman katin zama, to mun zama masu ɓuya daga 'yan sanda. Ni ina da Faransanci da ƙuruciya. Kawu kuwa Hausa gare shi, da carbi, da taurin kai. Don haka tun daga gidan shayin nan na sa wa raina cewa ni ne mai ɗauke da shi.

Mun yi mako uku muna dakon kwandunan albasa a kasuwar kayan miya, muna kwana mu tara a ɗaki ɗaya. Burodi da safe, burodi da rana. Kawu ya ce cikinsa ya fara mantawa da shi waye. Akwai wata tsohuwa mai sayar da miyar wake a bakin kasuwar. Kullum sai ya tsaya ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa da Hausa, ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya sanyi, ita kuma ta amsa da Larabcinsu dalla-dalla, kowa ya gamsu. In ta zuba masa miya sai ta ɗora dabino biyu a gefen kwano. Ni da nake gaishe ta da Faransanci mai kyau ban taɓa samun dabino ba.

Wani direba ɗan Mali mai kai yashi kudu shi ya gaya mana cewa wani filin golf a bakin teku yana ɗaukar ma'aikata. Muka shiga kar, babbar motar fasinja, tafiyar yini guda. A hanya muka wuce wasu itatuwa da awaki suka hau har ƙololuwa suna cin 'ya'yansu. Kawu ya manne da gilashi har suka ɓace. Ya ce in ya koma Kwaya ba zai ba da wannan labari ba, domin yana da mutunci a garin.

Da muka shiga ƙofar filin sai ya tsaya cak. Ciyawa shar, iya ganin ido, ruwa na fesowa daga ƙasa ta ko'ina, babu ko gajimare a sama.

"Me suka shuka a nan?"

"Ciyawa, Kawu."

"Ina dabbobin?"

"Babu dabbobi."

Ya sake duban filin. Daga baya ya ce, "Allah ya shirye su."

Shugaban masu kula da ciyawar, wanda kowa ke ce wa Shef, gajere ne mai gashin baki da salula biyu. Ya ce zai gwada mu wata biyu, wanda ya yi masa zai ba shi kontra. Ya karanta mana dokoki, ni kuma na fassara wa Kawu. Ba a yi wa mai wasa magana. Ba a taɓa sandarsa. In ya ɗaga sanda, ka tsaya inda kake kamar itace, ko tari kada ka yi. Kawu ya ce ya ji.

Ga wanda bai san golf ba, ga yadda abin yake. Mutum ya ajiye wata 'yar farar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, ya ɗaga doguwar sanda mai ƙarfe a baki, ya kaɗa ta ya bugi ƙwallon, ya bi ta a ƙafa ko a 'yar mota, ya sake bugu, har ta faɗa wani rami mai tuta. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Sau da yawa sandar kan ɗebe ciyawa da ƙasa kamar tafin hannu, ta bar gurbi. Aikinmu shi ne mu bi waɗannan gurabe da bokitin yashi da aka gauraya da irin ciyawa, mu zuba, mu danne da ƙafa.

"Wato shuka," in ji Kawu.

"Gyara suke ce masa."

"Su sara, mu zuba iri, mu rufe da diddige. Me sunan wannan a Dogo-Dogo?"

Duk wanda ya tashi a karkararmu ya san safiyar da ta biyo ruwan shuka. Babba yana gaba da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, mata da yara suna baya da ƙwaryar iri. Kawu ya yi shekara arba'in yana wannan sara, kuma a Kwaya shi ake sawa ya buɗe layin farko in ana gayya, domin saura su bi nasa.

Kafin mako biyu ya san masu wasan ta gurabensu, ko bai gan su ba. Sai ya duƙa ya ce, "Mai jar hula ya wuce nan, yau kuma yana sauri." In mun ci gaba sai mu tarar da mai jar hula. Ya raɗa musu sunaye. Akwai Mai Tsoron Ƙasa, wanda sandarsa ba ta taɓa ciyawa ba. Akwai kuma Mai Haƙar Rijiya, wani dattijo tsohon likitan haƙori da ake kira Si Dris, wanda ke zuwa kusan kullum da sassafe, cikin fararen kaya, ya koma da su jajaye.

Wata rana muna cin burodinmu a inuwa na tambaye shi yadda yake gane su. Ya ɗauki tsinke ya kafa a ƙasa.

"In ka ɗaure akuya a turke, ta ci ciyawa har iyakar igiya, me take bari a ƙasa?"

"Da'ira."

"To. Turken mai sara a nan yake." Ya dafa gindin wuyansa, tsakanin kafaɗu. "Hannu da ƙota su ne igiya. Ƙarfen bakin shi ne akuyar. Sai dai da'irar mai sara ba a kwance take ba, ba kuma a tsaye ba. A jingine take, kamar faifai a jikin bango, wuri ɗaya tak take taɓa ƙasa. In turke bai motsa ba, igiya ba ta lanƙwashe ba, ƙarfe zai sauka a wurin nan yau, ya sauka a nan gobe. In turke ya gusa, wurin ma ya gusa. Shi ke nan karatun."

Na shafe kwanaki ina auna maganar da idona, ban same ta da kuskure ba. Malamin wasan, wani siririn mutum mai suna Yusef, in ya buga, gurbinsa kan fara ne a gaban inda ƙwallon take, wajen yatsa biyu zuwa uku ta ɓangaren tuta. Wato ƙarfen yana kan saukowa ya sami ƙwallon, sannan ya taɓa ƙasa. Gurbin siriri ne, marar zurfi, yana kallon inda aka nufa. Na Si Dris kuwa yana farawa ne da taƙi guda a bayan ƙwallon, mai zurfi, yana kallon hagu. In ya ɗaga sanda sai ya kwashe jikinsa gaba ɗaya ya ɗora a ƙafar dama, bai kuma dawowa. Turke ya koma baya, gindin da'irar ya bi shi. Sau da yawa taɓon da ya sara yakan fi ƙwallon nisa.

Saura kwana tara tambarinmu ya cika, Shef ya sanar cewa ranar Jumma'a zai ba da kontra, kuma wuri ɗaya ya rage a rukuninmu. Yana faɗa yana kallona. Na bi shi biro, wato ofishinsa, har sau biyu ina roƙo saboda Kawu. Ya ce tsohon yana da aiki mai tsabta, amma me zai yi da mutumin da ko "a daina fesa ruwa" ba ya ji? Ya ce zai yi tunani. Na gaya wa Kawu cewa cikin kwanakin nan ko numfashi a hankali zai yi shi.

Ranar Talata da safe muna gyara a wurin bugun farko, daidai gaban barandar da manya ke shan kofi. Babu ciyawar da Shef ke ji da ita kamar wannan. Si Dris ya zo, muka tsaya kamar itatuwa. Ya ɗaga sanda, ya sara. Ƙasa ta tashi, ƙwallon ta gangara taki shida. Ya ajiye wata, ya sake. Ta gangara taki huɗu. Sai na ji an ajiye bokiti a gefena.

"Kawu, ina za ka?"

"Ba zan iya ba, Lawali. Wata biyu ina rufe wa bawan Allahn nan rijiyoyi."

Ya yi sallama, ya sa hannu ya karɓe sandar daga hannun Si Dris. A wurinmu wannan ba rashin kunya ba ne. In ana gayya, babba ya ga wani ya riƙe sungumi ba daidai ba, karɓa yake yi ya nuna masa, ko ɗan mai gari ne, kuma godiya ake yi masa. A barandar kuwa sai na ji cokulan kofi sun daina ƙara.

"Gaya masa tsayuwarsa irin ta jakin da ya ga ruwa ce."

Na ce da Faransanci, "Yallaɓai, kawuna yana jinjina wa ƙoƙarinka."

"Gaya masa in a Kwaya ne, ko fura ba za a ba shi ba a gayya."

"Ya ce a garinmu ana girmama masu himma irinka."

Si Dris ya dube ni, ya dubi Kawu. Ya ce, "Fuskarsa ba haka ta ce ba."

Kawu ya jinjina sandar, ya ce ƙotar ta yi gajarta amma ba laifi. Ya ga ƙwallo a gabansa, sai ya sa ƙafa ya ture ta gefe, kamar yadda ake kawar da tsakuwa kada ta ɓata bakin ƙarfe. Ya yi bisimilla. Ya sara, ya taka, ya sara, ya taka. Kansa bai motsa ba, kafaɗunsa kawai ke juyawa.

Da na so in ba da rahoton cewa na ruga na riƙe masa hannu. Abin da ya faru shi ne, kunnena ya ji sautin saran nan, ƙafafuna suka tuna da aikinsu tun ina ɗan shekara shida. Na tsinci kaina a bayansa, hannu cikin bokiti, ina zubawa ina rufewa da diddige, ina ma ƙoƙarin kada ya ba ni rata. Sai a gurbi na tara na farga. Na tsaya da iri a hannu. Shi kuwa ya ci gaba har ƙarshen ciyawar. Gurbi goma sha huɗu, a layi ɗaya, a gaban baranda.

Ya dawo ya miƙa wa Si Dris sandarsa da hannu biyu. "Ka gani? Turke."

'Yar motar Shef ta iso kafin in fassara. Ya dubi layin daga farko zuwa ƙarshe, gashin bakinsa na rawa. Ya ba Si Dris haƙuri da Larabci, da Faransanci, ya sake da Larabci. Sannan ya juyo kaina. "Shi na ji, bai yi lakwal ba. Kai fa, da ka fassara masa dokokin da bakinka, me kake yi a bayansa da bokiti?" Ya ce gobe da safe mu mayar da takalman aiki da riguna.

Da rana a ɗakinmu na ɗaga wa Kawu murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce saura kwana bakwai. Na ce ni zan iya gudu in na ga 'yan sanda, shi fa? Na ce me zan gaya wa Inna? Ya zauna a bakin katifa yana kallon tafin hannunsa, har na gama. Na ga ya tsufa fiye da yadda na sani. Can ya ce a hankali, "Na ɓata maka, ɗan nan. Ka yi haƙuri." Sai ya ƙara da cewa, "Amma layin ya miƙe dai?"

"Ya miƙe, Kawu."

Washegari muka je da takalman a leda. A gaban baranda muka tarar an kewaye gurabe biyar ɗin da ban rufe ba da igiya. Malam Yusef yana durƙushe da abin awo, Si Dris na tsaye a kansa. Yusef ya ce zurfinsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta saɓa da fiye da yatsa biyu ba, kuma mutumin yana tafiya ya yi su. Ya ce shi a tsaye ma ba kullum yake samun haka ba.

Si Dris ya ce da ni, "Yanzu gaya mini abin da ya ce jiya. Na gaskiya."

Na gaya masa, har da jakin. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Sannan na fassara maganar turke da igiya da faifai. Faifai ya ba ni wahala, sai na ce tire. Kawu ya sa shi ya tsaya, ya tura masa ƙugu kaɗan zuwa ƙafar hagu, sannan ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu ya dafa masa kai, kamar mai sa wa ango albarka. Ya ce, "Sara."

Na farko ƙasa ya sara, amma kusa da ƙwallon. Na biyu ma haka. A na biyar sautin ya canja, ƙas, siriri. Ƙwallon ta tashi sama, ta yi tafiya mai nisa, ta karkata dama, ta faɗa tsakiyar tafkin da ke gefen fili. Si Dris ya yi kabbara. Ya ce shekara shida yana wucewa ta gefen tafkin nan, ƙwallonsa ba ta taɓa kaiwa gare shi ba. Ya rungume Kawu.

Yusef ya ce, "Shekara biyu ina gaya masa wannan maganar, har da bidiyo."

Na fassara. Kawu ya ce, "Tambaye shi, ya taɓa riƙe masa kan?"

Ashe Si Dris yana cikin dattawan da ke da ta cewa a filin. Ya ja mu har biro, ya ce yana son tsohon nan ya riƙa tsayawa kusa da shi da abokansa kowace safiya, yana duba musu gurabe. Shef ya ce an riga an sallame mu. Si Dris ya ce to a fasa. Shef ya fito da takarda ɗaya ya ajiye a tebur, ya ce wuri ɗaya ne ya rage, kuma tun farko ya san wanda ya tanadar wa. Ya dube ni.

Na dubi takardar. Ba zan ce ban so ta ba. Na ce, "Rubuta Nomau."

Ya rubuta. Kawu ya dangwala yatsa, bai san me ya dangwala wa ba. Sai Si Dris ya shiga yi masa tambayoyi da Faransanci, waɗanne ranaku, wane lokaci, kuma me zai yi game da karkatar nan zuwa dama. Kawu ya gane daga hannunsa cewa maganar karkata ake yi, ya soma bayani da Hausa, dogo, a kan yadda bakin ƙarfe ke buɗewa in mutum ya riƙe ƙota kamar mai tsoron ta cije shi. Ya gama. Duk suka juyo suna kallona.

Ni kuwa ina kallon silifas ɗina. Ba dabara na yi ba. Ina lissafin inda zan kwana bayan mako guda ne.

"Me ya ce?" in ji Shef.

"Shef, ni jiya aka sallame ni."

Kawu ya ga ba a gane ba, sai ya sake bayanin daga farko, da ƙarfi, yana neman ya ɗauki lemar Shef ya nuna a kan kafet. Shef ya janye lemar. Ya buɗe aljihun tebur, ya daɗe yana bincike kamar mai neman abin da ba ya son samu, ya fito da takarda ta biyu. A wurin da ake rubuta irin aiki ya rubuta: mataimakin Nomau.

Da muka fito na bayyana wa Kawu abin da ke cikin takardun biyu, kalma bayan kalma, ban rage ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce in ba shi salula ya aika wa yayarsa saƙon murya. Na danna masa, ya kai ta daf da bakinsa.

"Yaya, ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen gida. Batun yaron nan, ki kwantar da hankalinki. An so a kore shi, amma na tsaya masa. Yanzu a ƙarƙashina yake aiki. Yana da ɗan nawa, jiya ma gurbi biyar ya bari a buɗe, amma zai koya."